Na ɗora Debian amma baƙin allo kawai nake gani: yaya zan samu tagogi da linzami?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar laftof ƙirar HP mai ram giga 4 wadda nake aikin makaranta da ita. Da aka daina tallafa wa Windows 10, sai aka ba ni shawarar in koma Debian, wani nau'in tsarin Linux, na kuwa ɗora Debian 13 daga filash. Komai ya tafi daidai, amma da ta tashi babu abin da na gani sai baƙin allo da kalmar "login:" a sama. Ba tagogi, ba linzami. Shin lalata ta na yi, sai na sake daga farko? Idan kuma gyaruwa za ta yi, wace fuska zan zaɓa wadda ba za ta yi wa na'urar nauyi ba? Sannan ina yawan rubutun Hausa, ina so in riƙa samun ɓ da ɗ da ƙ.

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa, kwantar da hankalinka, ba ka lalata komai ba. Wannan baƙin allon shaida ce cewa Debian ta hau lafiya, tana tsaye tana jiran ka ba ta sunanka da kalmar sirrinka. Abin da ya rage shi ne fuskar, kuma ita a duniyar Linux aba ce dabam da ake ɗorawa a sama, ba haɗe take da tsarin ba kamar yadda ka saba a Windows. Aikin awa ɗaya ne ko ƙasa da haka idan intanet ɗinka na da ƙarfi.

Ina kyautata zaton ɗayan abu biyu ne ya faru. Wanda ya fi yawa shi ne ka yi amfani da ƙaramin hoton girkawa da ake kira netinst, wanda bai kai giga ɗaya ba, kuma lokacin girkawar babu intanet, ko kuma da aka tambaye ka rumbun da za a sauko da manhajoji daga gare shi sai ka tsallake. Wannan ƙaramin hoton ginshiƙin tsarin kaɗai yake ɗauke da shi, sauran daga intanet yake jawowa, to idan bai samu hanya ba sai ya ɗora abin da ke hannunsa ya yi shiru. Na biyun kuma, a shafin zaɓen manhajoji, maɓallin tazara, wato dogon nan na ƙasa, shi ke sa alama ko ya cire ta, Enter kuma wucewa gaba yake yi. GNOME da Xfce sunayen fuskoki ne a wannan jerin. Mutane da yawa kan cire alamar layin farko na fuskar Debian da ta GNOME, su sauko kan Xfce su danna Enter suna zaton sun zaɓa, alhali sun wuce ba su zaɓi komai ba.

Kafin mu fara buga umarni, ina so ka riƙe hoton abin da za mu gina a ranka, domin ranar da wani abu ya ƙi, wannan hoton ne zai nuna maka inda za ka duba. Ɗauke shi kamar gida. A can ƙasa akwai harsashi, wato zuciyar Linux da direbobin da ke magana da katin hoton na'urarka. A kansa akwai mai kula da allo, wanda aikinsa shi ne ya karɓi motsin linzami da bugun madannai ya kuma zana abin da manhajoji suka ce a zana. Iri biyu ne a yau: tsohon shi ne X, wanda aka fara a jami'ar MIT ta Amurka a 1984, sigarsa ta 11 da ake amfani da ita har yanzu ta fito a 1987, sabon kuma Wayland, wanda Kristian Høgsberg ya fara a 2008. Daga nan sai zaure, wato shafin da ke tare ka ya nemi sunanka da kalmar sirri kafin ka shiga, irin su LightDM da GDM da SDDM. Sannan cikin gida, inda tagogi da jerin manhajoji da agogo da foldoji suke, wato GNOME ko KDE Plasma ko Xfce da 'yan'uwansu. Naka gidan harsashinsa ya kammala, ukun na sama ne babu. Dalilin da ya sa aka raba su haka kuwa shi ne mafi yawan manyan kwamfutocin da ke riƙe da shafukan intanet ba su da ko allo, balle su buƙaci tagogi, kuma Debian ɗaya ce ake ɗora musu da wadda ka ɗora.

To, mu shiga. A gaban "login:" rubuta sunan da ka zaɓa lokacin girkawa da ƙananan haruffa, ka danna Enter, sannan kalmar sirri. Ba za ka ga ko ɗigo yana fitowa ba yayin da kake buga ta, haka aka tsara, madannanka lafiyarsu ƙalau. Bayan ka shiga, kana buƙatar ikon mai gida, wanda ake kira root:

su -

Wannan ɗan layin da ke bayan su kada ka bar shi. Idan ka buga su kaɗai, za ka zama root amma wasu umarnonin gudanarwa za su riƙa ce maka ba a same su ba, ka yi ta mamaki. Idan kuma lokacin girkawa ka bar gurbin kalmar sirrin root babu komai, to Debian ta rufe wannan ƙofar ta ba sunanka ikon sudo, wato umarnin da ke ara maka ikon root, sai ka buga sudo -i da kalmar sirrinka ta yau da kullum.

Abu na farko shi ne intanet, kuma nan ne mafi yawan mutane ke maƙalewa. Gwada:

ping -c 3 deb.debian.org

Idan amsa ta dawo, alhamdu lillahi, wuce gaba. Idan ba ta dawo ba, kada ka wahalar da kanka da haɗa Wi-Fi a baƙin allo, akwai hanya mai sauƙi a aljihunka. Haɗa wayarka ta Android da laftof ɗin da kebul ɗin caji mai ɗaukar bayanai, ka kunna data, ka shiga saitin raba intanet ka kunna USB tethering. Sannan buga ip link. Za ka ga sabon suna ya bayyana a jerin, ko usb0 ko wani dogo mai farawa da enx. Sai ka ce:

dhcpcd usb0

kana mai sa sunan da ka gani a madadin usb0. A Debian 12 sunan umarnin dhclient ne. Sake gwada ping.

Abu na biyu, nuna wa Debian rumbun da za ta ɗebo kaya. Buɗe fayil ɗin da ke riƙe da adireshin:

nano /etc/apt/sources.list

Idan ka ga layi mai farawa da deb cdrom, sa alamar # a farkonsa, domin shi ne ke sa ta riƙa neman faifan girkawa maimakon intanet. Sannan ka tabbata waɗannan layuka uku suna ciki:

deb http://deb.debian.org/debian trixie main non-free-firmware
deb http://deb.debian.org/debian trixie-updates main non-free-firmware
deb http://security.debian.org/debian-security trixie-security main non-free-firmware

Trixie shi ne laƙabin Debian 13, wadda ta fito ranar 9 ga Agusta 2025. Mai Debian 12 sai ya sa bookworm a duk inda trixie yake. Ajiye da Ctrl da O, ka danna Enter, ka fita da Ctrl da X, sannan:

apt update

A nan akwai wani tarko da tsofaffin laftof ke yawan faɗawa. Idan ƙaramin batirin da ke riƙe agogon cikin na'urar ya mutu, tana iya tashi da kwanan watan shekarun baya, sai apt, wato manhajar da ke ɗebo kaya daga rumbun, ta ƙi karɓar komai tana cewa fayilolin rumbun lokacinsu bai yi ba tukuna. Buga date ka gani. Idan ranar ba daidai ba ce, gyara ta da date -s, ka sa shekara da wata da rana da lokaci a tsakanin alamun zance, misali "2025-11-20 14:30". In ka samu sarari, ka kai ta wurin mai gyara ya canza batirin, kuɗinsa kaɗan ne.

Yanzu zaɓen fuska. Debian 13 ta zo da GNOME 48 da KDE Plasma 6.3 da Xfce 4.20 da LXQt 2.1, ga kuma MATE da Cinnamon da LXDE. Ga na'urarka, Xfce nake ba ka shawara, kuma zan faɗa maka dalili. GNOME, wadda Miguel de Icaza da Federico Mena suka kafa a 1997, ita ce zaɓin Debian na asali, an gyara ta da kyau, amma ta fi sauran cin ram, tana kuma jingina sosai da katin hoto, sannan tsarin aikinta ya sha bamban da abin da hannunka ya saba. KDE, wadda Matthias Ettrich ya fara a 1996, ta fi kama da Windows a ido, kuma ta rage nauyi ƙwarai idan aka kwatanta da shekarun baya, sai dai saitunanta suna da yawan da sabon shiga kan ɓata a ciki, kuma ta fi jin daɗin na'ura mai giga 8. LXQt ta fi Xfce sauƙi, ita nake ɗora wa masu giga 2, amma za ka riƙa jin akwai 'yan abubuwan da sai ka haɗa da kanka. Xfce kuwa, wadda Olivier Fourdan ya fara ita ma a 1996, tana tsakiya: ba ta da nauyi, ba ta canza kama kowace shekara, kuma har yanzu a kan X take tafiya, wanda tsofaffin katunan hoto suka daɗe da sabawa da shi. Na ɗora ta a kan laftof tsofaffi masu yawa na ɗalibai da masu shagon buga takardu, kuma da wuya a dawo mini da ƙorafin fuskar kanta.

Wani abu da nake so ka sani tun yanzu: a na'ura mai giga 4, ba fuskar ce za ta cinye maka ram ba, manhajar shiga intanet ce. Shafuka goma a buɗe a Firefox sun fi Xfce gaba ɗayanta ci. Don haka kada ka ɓata kwanaki kana neman fuskar da ta fi kowace sauƙi. Kuma kada ka ɗora uku ko huɗu don gwaji. Za su zauna tare, amma jerin manhajojinka zai cika da abu iri ɗaya sau uku, kuma cire su daga baya ya fi ɗora su wuya.

Umarnin guda ɗaya ne:

apt install task-xfce-desktop

Wannan ƙunshin shi zai jawo X da LightDM da Xfce da mai kula da haɗin intanet da Firefox da LibreOffice, wato daidai abin da za ka samu da ka zaɓi Xfce tun wurin girkawa. Kafin ta fara, apt za ta nuna maka yawan abin da za ta sauke da filin da zai ci, ta jira ka amince. Karanta wannan layin da kyau, domin ɗaruruwan megabait ne, ka auna da datar da ke wayarka. Idan ta yi maka yawa a yau, ɗauki hanyar tsimi:

apt install xorg xfce4 xfce4-goodies lightdm network-manager-gnome firefox-esr

LibreOffice, wadda ita ce mafi nauyi a cikin kayan, sai ka bar ta zuwa ranar da ka samu Wi-Fi na makaranta ko datar dare. Akwai kuma umarnin tasksel, wanda zai dawo maka da shafin zaɓen nan da ka gani wurin girkawa. Idan shi ka fi so, ka tuna maganar maɓallin tazara, ka kuma sani cewa sa alama a layin farko na fuskar Debian kaɗai GNOME zai kawo maka.

Ka tabbata batirin laftof ɗin a cike yake ko kana da tabbacin wuta kafin ka fara. Yankewar intanet a lokacin saukewa ba matsala ba ce, ka sake buga umarnin za ta ci gaba daga inda ta tsaya, abin da ta riga ta sauke yana nan a ajiye. Mutuwar na'ura a lokacin da take kwance ƙunshin tana jera shi ita ce ke barin aiki rabi da rabi. Ya taɓa faruwa da ni a wani ɗakin kwamfuta na makaranta, aka ɗauke wuta muna tsakiyar aiki a kan na'urori da dama waɗanda batiransu sun daɗe da mutuwa. Babu wadda muka sake girkawa, waɗannan biyun ne suka tashe su:

dpkg --configure -a
apt --fix-broken install

Idan komai ya kammala, duba inda aka saita na'urar ta riƙa tsayawa idan ta tashi:

systemctl get-default

Amsar da muke so ita ce graphical.target. Idan multi-user.target ta ce, gyara da systemctl set-default graphical.target. Kafin ka sake kunna ta, yi wa kanka wani tanadi: ba sunanka ikon gudanarwa don kada ka riƙa zama root kullum.

apt install sudo
adduser sunanka sudo

Sai ka buga reboot. In sha Allahu zauren LightDM ne zai tare ka. A Debian ba ya nuna jerin sunayen masu shiga, gurbi biyu kawai za ka gani, ka rubuta sunanka da kanka sannan kalmar sirri.

Mai yiwuwa da ka shiga ka ga alamar intanet a sama tana cewa ba ita ke kula da na'urar haɗin ba, ko kuma jerin Wi-Fi ya ƙi fitowa sam. Sababin shi ne mai girkawa ya rubuta katin naka a fayil ɗin /etc/network/interfaces, kuma ƙa'idar Debian ita ce duk katin da aka ambata a can, NetworkManager, wato mai kula da haɗin intanet, ba ya taɓa shi. Buɗe fayil ɗin da sudo nano, ka bar layukan da suka shafi lo kaɗai, ka sa # a gaban sauran da ke ambaton katin waya ko na Wi-Fi, ka sake kunna na'urar. Idan har yanzu babu Wi-Fi, to katin ne ke neman 'yar manhajar da kamfaninsa ke ɗura masa. Buga lspci -nnk ka ga sunan kamfanin. Na Intel firmware-iwlwifi yake so, na Realtek firmware-realtek, na Atheros firmware-atheros. Tun daga Debian 12 ta 2023 mai girkawa kan ɗora waɗannan da kansa idan ya gane katin, don haka matsalar ta ragu sosai. Wanda ya rage da taurin kai shi ne Broadcom, kuma ana samunsa a wasu tsofaffin HP. Shi sai ka ƙara kalmomin contrib da non-free a ƙarshen layukan rumbun nan uku, ka yi apt update, sannan ka ɗora broadcom-sta-dkms ko firmware-b43-installer gwargwadon lambar katin.

Idan kuma bayan reboot zauren bai fito ba, sai duhu ko ɗan layi yana ƙyaftawa a kusurwa, nan ne hoton gidan zai yi maka amfani. Danna Ctrl da Alt da F2 tare, baƙin allonka na farko zai dawo, domin yana nan a ƙasa kullum ko da fuskar ta faɗi. Shiga, ka fara tambayar zaure:

systemctl status lightdm

Idan ya nuna ya faɗi, sauka mataki ɗaya ka tambayi X, wanda ke sa alamar EE a gaban kowane kuskure a littafinsa:

grep EE /var/log/Xorg.0.log

Mafi yawan abin da za ka gani a nan maganar katin hoto ce. Katin Intel, wanda shi ne a cikin galibin laftof irin taka, da wuya ya ba da matsala. Na AMD yana buƙatar firmware-amd-graphics, in babu shi allo kan yi duhu ko rubutu ya fito manya-manya. Na NVIDIA yana tashi da buɗaɗɗen direba mai suna nouveau, wanda ya isa aikin makaranta. Idan ya ƙi, ɗora nvidia-detect daga sashen non-free, shi zai faɗa maka direban kamfanin da ya dace da katinka, in akwai. Shawarata ita ce kada ka je shafin kamfanin ka sauko da direba ka ɗora da hannu, domin duk ranar da zuciyar tsarin ta sabunta zai iya karyewa. Ka tsaya a kan na rumbun Debian.

Akwai wata cuta dabam: zauren ya fito, ka sa kalmar sirri daidai, allo ya yi duhu na daƙiƙa biyu, ya dawo da kai zauren. A nan X lafiyarsa ƙalau, cikin gidan ne ya ƙi buɗuwa. Sababi biyu na fi gani. Ko faifan ajiya ya cika, wanda df -h zai nuna maka, apt clean kuma ya share ƙunsoshin da aka riga aka ɗora ya sama maka fili. Ko kuma an taɓa buga sudo startx, wanda ke mayar da wani ɓoyayyen fayil a foldarka mallakar root, sai ya zama kai mai gidan ba ka da ikon taɓa shi. Maganinsa:

sudo chown sunanka:sunanka ~/.Xauthority

Don haka kada ka taɓa tayar da fuska da ikon root. Idan ba ɗayan biyun ba ne, karanta ƙarshen fayil ɗin .xsession-errors da ke foldarka, a nan fuskar ke rubuta kukanta.

Ƙananan gyare-gyare na ranar farko ba su da yawa. Taɓa faifan linzami da yatsa ba zai yi aikin dannawa ba sai ka kunna shi a saitin Mouse and Touchpad. Sauti idan bai fito ba, buɗe pavucontrol ka duba ko an karkatar da shi zuwa HDMI. Idan kana son jerin manhajoji mai gurbin bincike irin na Windows, ƙara Whisker Menu a kan sandar, yana cikin xfce4-goodies. Ɗora zram-tools kuma, yana matse wani sashe na ram don ya ɗauki fiye da girmansa, kuma a na'ura mai giga 4 ana jin bambancin. In kuma har yanzu tsohon faifai mai juyawa ne a cikinta, ranar da ka samu hali ka sa mata SSD, babu wani saiti da zai ba ka saurin da wannan zai ba ka.

Sai maganar Hausa, wadda na ji daɗin da ka tambaya, domin mutane da yawa sun haƙura suna rubuta k a wurin ƙ alhali abin yana nan a shirye. Tarin tsare-tsaren madannai da Linux ke amfani da shi yana da na Hausar Nijeriya da na Hausar Gana. A Xfce, shiga saitin Keyboard, ka buɗe shafin Layout, ka kashe bin saitin tsarin, ka danna Add ka nemo Hausa, sannan ka zaɓi maɓallan da za su riƙa sauya ka tsakanin Turanci da Hausa. Buɗe Mousepad, manhajar rubutu ta Xfce, ka bi maɓallan ɗaya bayan ɗaya don ka ga inda kowane harafi ya koma, saboda tsarin yana sauya wa wasu maɓallai aiki.

Ni kaina wata hanyar nake bi, domin mai haɗa Hausa da Turanci a takarda ɗaya yakan gaji da sauye-sauye. A wannan shafin na Layout akwai gurbin Compose key. Zaɓi Alt na dama. Sannan ƙirƙiri fayil mai suna .XCompose a foldarka ta gida, ka zuba wannan:

include "%L"
<Multi_key> <h> <b> : "ɓ"
<Multi_key> <h> <d> : "ɗ"
<Multi_key> <h> <k> : "ƙ"
<Multi_key> <h> <y> : "ƴ"
<Multi_key> <h> <B> : "Ɓ"
<Multi_key> <h> <D> : "Ɗ"
<Multi_key> <h> <K> : "Ƙ"
<Multi_key> <h> <Y> : "Ƴ"

Fita ka sake shiga. Daga nan duk lokacin da ka danna Alt na dama ka saki, ka buga h sannan k, ƙ za ta fito, madannanka kuma suna nan yadda ka san su. Za ka ce to yaya zan rubuta haruffan a cikin fayil ɗin tun farko? A Mousepad, danna Ctrl da Shift da U tare, ka buga lambar harafin, ka danna Enter. Lambar ɓ ita ce 0253, ta ɗ 0257, ta ƙ 0199, ta ƴ 01b4. Manyan kuma Ɓ 0181, Ɗ 018a, Ƙ 0198, Ƴ 01b3. Mu a Nijeriya 'y muka fi rubutawa, amma na bar ƴ a ciki saboda ita ce a ƙa'idar rubutun Nijar, kuma za ka iya buƙatarta.

Idan ka ga harafi mai lanƙwasa ya fito da siffa dabam da 'yan'uwansa a cikin kalma, to salon rubutun da ka zaɓa ne ba shi da shi, sai na'urar ta aro daga wani. DejaVu da ke zuwa da Debian yana da su duka. Don takardar da za a buga, ɗora fonts-noto-core da fonts-sil-charis, sun fi kyau a ido. Mai rubutun ajami kuma akwai fonts-sil-alkalami, wanda aka zana a kan salon rubutun hannu na ƙasar Kano, da fonts-sil-harmattan da aka yi don ajamin Afirka ta Yamma. A jerin da dpkg-reconfigure locales ke nunawa za ka ga ha_NG, amma ban ba ka shawarar mayar da shi harshen tsarin gaba ɗaya ba, domin mafi yawan rubutun da ke jikin manhajojin da Turanci zai ci gaba da fitowa, fassarar ba ta yi nisa ba.

Game da sake girkawa daga farko da ka tambaya: ba ka buƙata, sai a hali ɗaya. Idan duk ƙoƙarin haɗa intanet a baƙin allon ya ci tura, to je inda ke da intanet mai kyau ka sauko da hoton Debian Live na Xfce, wanda ya kai 'yan gigabait. Shi yana tashi daga filash da fuskarsa a shirye, ka gwada Wi-Fi da sauti da madannai ka ga suna aiki kafin ka taɓa faifan na'urar, sannan ka danna alamar girkawa da ke kan allon, ba ya buƙatar intanet don ya kammala. Filash ɗin kuma ka adana shi, zai yi wa abokan karatunka masu irin na'urarka aiki ba tare da kowa ya sake sayen data ba. Idan ka maƙale a wani mataki, ɗauki hoton allon da wayarka yadda rubutun kuskuren zai karantu, ka haɗo da abin da lspci -nnk ya nuna, sai mu duba tare. Allah ya ba da sa'ar karatu.